Kundin ɗalibi a Google Docs: ina aikin yake zaune, kuma a hannun wa makullin yake?

Duk wanda ya yi karatu a jami'a ko kwalejin ilimi a ƙasar nan ya san yadda zangon ƙarshe yake kasancewa. Shagunan buga takardu na bakin makaranta su cika maƙil, janareto na ruri, kowa riƙe da filash yana jiran layi ya zo kansa. A lokacin ne kuma labaran asara suke yawa. An sace wa wance laftof da babi huɗu a ciki. Filash ɗin wane ya kwaso bairos a kwamfutar shago, fayilolinsa duk sun ƙi buɗuwa. Wani kuma wuta ce ta ɗauke yana tsakiyar bugu bai adana ba. Shawarar da ake ba irin waɗannan ɗalibai a yau guda ɗaya ce: koma rubutu a intanet, ko Google Docs ko Word na kan intanet, aikinka ba zai ƙara ɓata ba.

Shawara ce mai kyau, sai dai rabinta aka faɗa. Rubutu a intanet yana raba aikin ɗalibi da haɗarin na'ura, amma yana rataya shi a kan wasu abubuwan da ɗalibi bai saba kula da su ba, wato asusun imel ɗinsa, da layin wayarsa, da sabis, da kuma kamfanin da ya mallaki ma'ajiyar. Kamar mutumin da ya kai hatsinsa rumbun maƙwabci ne. Gobarar gidansa ba za ta taɓa hatsin ba, amma ranar da zai ɗiba sai da makulli, kuma sai mai gidan yana nan.

A tsohon tsari, Microsoft Word yana cikin kwamfutarka, fayil ɗin ma yana cikinta. In kana so malami ko abokin karatu ya gani, sai ka kwafa ka ba shi. Daga nan fayil ya zama biyu. Shi ya gyara nasa, kai ka ci gaba da naka, an samu aiki biyu mabambanta masu suna ɗaya. Wannan ne ya haifi jerin sunayen nan da ake gani a filash ɗin kowane ɗan ajin ƙarshe: babi na ɗaya, babi na ɗaya gyararre, babi na ɗaya gyararre na ƙarshe, babi na ɗaya na ƙarshen ƙarshe. Ranar bugawa kuma sai a buga wanda ba shi ba, a je gaban malami ya tarar da kurakuran da ya gyara tun watan jiya suna nan daram.

A sabon tsari, ainihin takardar tana kan manyan kwamfutocin kamfani a cibiyoyin ajiyar bayanai, mafi yawansu a ƙasashen waje. Wayarka ko laftof ɗinka nuna maka ita kawai suke yi. Duk harafin da ka buga, ana aika shi can cikin ɗan lokaci, shi ya sa babu maɓallin adanawa da za ka riƙa dannawa. Abin da kake ba malami ko abokinka kuwa izinin shiga ne, takardar tana nan guda ɗaya.

Abin ba sabo ba ne. Wani ƙaramin kamfani a Amurka ya fito da manhajar rubutu ta intanet mai suna Writely a 2005, Google ya saye ta a watan Maris na 2006, daga ita aka gina Google Docs. Microsoft ya fito da nasa Word na kan intanet a 2010. A 2014 Google ya ƙaro Classroom, inda malami zai raba aikin jinga kowane ɗalibi ya samu nasa kwafin ya cike ya mayar. Amma kullen korona na 2020 ne ya tura makarantu da yawa na duniya cikin abin ba shiri. A wajenmu akwai na uku da ba a cika ambata ba alhali shi ne a wayoyin ɗalibai da yawa, wato WPS Office na kamfanin Kingsoft na ƙasar Sin, wanda shi ma yana da tasa ma'ajiyar ta intanet.

Yadda mutum biyu suke rubutu a takarda ɗaya lokaci ɗaya ba tare da sun ɓata wa juna aiki ba, ya cancanci a ɗan tsaya a kansa, domin daga nan sauran bayanin yake fitowa. A ce jimlar ita ce "Manoma sun shuka gero". Amina tana Kano ta ƙara "da yawa" bayan "Manoma". A daidai wannan daƙiƙar Sani yana Zariya yana so ya mayar da "gero" ta koma "dawa". Na'urar Sani ba takardar duka take aikawa ba, ɗan umarni take aikawa: a goge haruffa huɗu daga gurbi na 18. To amma saƙon Amina ya riga nasa isa, ya tura komai gaba da gurbi takwas. Da za a bi umarnin Sani yadda ya zo, da an gutsure ƙarshen "sun" da farkon "shuka". Sai kwamfutar kamfanin ta lura cewa an samu ƙari a gabansa, ta mayar da umarnin ya koma gurbi na 26, ta goge "gero" daidai. Haka ake yi wa kowane harafi, sau dubbai, ba tare da masu rubutun sun sani ba.

Abin lura a nan shi ne, takardar Google Docs a wajen kamfani jerin umarni ce tun daga harafin farko: wane ya sa kaza a lokaci kaza, wance ta goge kaza a lokaci kaza. Wannan jerin shi ake kira tarihin sauye-sauye, kuma a ganina shi ne mafi amfanin abin da ke cikin manhajar, shi ne kuma wanda ɗalibanmu suka fi jahilta. A kwamfuta, in ka danna Ctrl da Alt da Shift da H tare, zai buɗe maka. Za ka ga yadda takardar take jiya da dare, da yadda take makon jiya, kowane mai rubutu da launinsa. Sakin layin da ka goge bisa kuskure yana nan. Babin da malami ya ce a cire, bayan wata biyu ya dawo ya ce a mayar (wannan kuwa yana faruwa fiye da yadda malamai za su yarda), yana nan. Kana iya sa wa kowane mataki suna, misali "wanda na kai wa Malam ranar Litinin", ka huta da tara fayiloli goma.

Tarihin yana kuma tona asiri. Kowa ya san yadda aikin rukuni yake a makarantunmu: mutum goma, biyu su yi aikin, takwas su kawo kuɗin bugawa da lambar rajista. In malami ya sa a yi aikin a takarda ɗaya ta intanet, kowa ya shiga da asusunsa, to zai ga wanda ya rubuta shafi shida da wanda ya shigo daren ƙarshe ya ƙara waƙafi biyu. Tun fitowar ChatGPT a watan Nuwamba na 2022, malamai a ƙasashe da dama sun fara neman ganin wannan tarihi don su tabbatar ɗalibi ne ya yi rubutun. Rubutun mutum yana da alama: ya rubuta, ya goge, ya tsaya, ya koma baya, ya dawo gobe. Shafi biyar da suka faɗo tashi ɗaya da ƙarfe biyun dare kuwa liƙo su aka yi daga wani wuri. Har akwai wata 'yar manhaja da ake ɗora wa Chrome, Draftback, wadda take maimaita rubutun gaba ɗaya kamar bidiyo.

Amma a nan ina ganin sai malamanmu sun yi hattara kafin su ari wannan hanya. Ɗalibin da ba shi da data yakan yi rubutunsa a WPS ko a manhajar ajiye bayanai ta waya, in ya samu sabis ya kwafa ya liƙa. A tarihi, aikinsa zai yi kama da na ɓarawon rubutu sak. Rukunin da laftof ɗaya gare su, duk aikin zai fito da sunan mai laftof. Wanda ya rubuta da hannu ya kai shago aka buga masa, ba shi da tarihi ko kaɗan. Shi kuwa mai wayo zai iya buɗe abin da na'ura ta rubuta masa a waya ya zauna yana sake bugawa da hannunsa harafi bayan harafi. Don haka tarihin hujja ce mai ƙarfi a hannun ɗalibin da aka zarga yana so ya kare kansa, amma rauninta yana da yawa in da ita kaɗai za a yanke wa wani hukunci.

Batun malami mai duba kundi shi ma yana da nasa. Izinin shiga takarda iri uku ne. Akwai mai kallo kawai, akwai mai sharhi, akwai mai gyara. Mai sharhi yana iya rubuta gyaransa a cikin takardar, amma zai fito a matsayin shawara, da launi daban, sai mai takarda ya amince ko ya ƙi. Wannan shi ne jan biro na zamani, kuma ga ɗalibin digiri na biyu da yake aiki a Gusau malaminsa yana Zariya, yana nufin ba sai ya hau mota ya kwana a hanya don karɓo gyaran shafi goma ba. Sai dai yawancin ɗalibai sun san yadda zancen yake ƙarewa.

"Allah ya gafarta Malam, na tura maka ta imel, in ka buɗe za ka iya gyarawa a ciki."

"Ni ba na duba aiki a waya. Buga ka kawo min."

Ba taurin kai ba ne ko yaushe. Malamin da ke riƙe da kundin ɗalibai masu yawa, ofis ba wuta, datar kuma daga aljihunsa, ga ido ya fara gajiya, yana da dalilinsa. Amma kuɗin wannan dalilin a kan ɗalibi yake sauka, domin kowane zagayen gyara sabon bugu ne. Inda sashe ya tsara abin a hukumance ya fi tafiya daidai. Inda aka bar wa ɗalibi ya shawo kan malaminsa shi kaɗai, takarda ce take cin nasara. Wata gajeriyar shawara a nan: abokin da ka ce ya duba maka, ba shi izinin sharhi. Mai izinin gyara yana iya goge babi sukutum, kuma in ba ka sauya saitin manhajar ba yana iya gayyato wani ba tare da ya tambaye ka ba.

Sai maganar da kowa yake fara kawowa, wato data. A nan tsoron ya fi abin yawa. Rubutu ba ya da nauyi. Kundi mai kalmomi 15,000, in tsurar rubutu ne, bai kai nauyin hoto ɗaya da kyamarar waya take ɗauka ba, ko kusa. Abin da ke cin data shi ne hotunan da aka cusa cikin takardar, da lodin manhajar a burauza karon farko, da kuma gaskiyar da ba a son faɗa: in an kunna data don rubutu, WhatsApp da TikTok ma sun farka. Ko bayan da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kuɗin kira da data har kashi 50 cikin ɗari a watan Janairun 2025, rubutun kundi ba shi ne zai talauta ɗalibi ba.

Rashin sabis ɗin gaba ɗaya shi ne matsala ta haƙiƙa, kuma mun gani da idonmu. A watan Satumba na 2021 an katse layukan sadarwa a jihar Zamfara saboda matsalar tsaro, daga baya aka yi haka a wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato da Kaduna, wasu wuraren sun yi makonni, wasu watanni. A ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin intanet na ƙarƙashin teku guda huɗu suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, intanet ta yi ta rarrafe a Najeriya da Gana da maƙwabtansu kwana da kwanaki. Ɗalibin da aikinsa yake can kawai, a irin wannan rana ba shi da aiki.

Akwai maganin wannan, amma sai an sha shi kafin ciwo. Manhajar Docs ta waya tana ba ka damar zaɓar fayil ka ce a ajiye maka shi don aiki ba tare da intanet ba. A kwamfuta kuma sai ka kunna wannan tsari a Chrome ko Edge tun kana da sabis. Word na cikin burauza shi ba ya aiki sai da intanet, amma Word na cikin kwamfuta da aka haɗa da OneDrive, ma'ajiyar Microsoft ta intanet, yana yi, in sabis ya dawo ya aika. Inda ake faɗawa rami shi ne a nan: duk abin da ka rubuta ba sabis, a cikin wayarka kaɗai yake har sai ya tafi. Ɗalibi ya yi kwana uku yana rubutu a ƙauye, ya dawo gari bai buɗe manhajar ba, aka fizge wayar a tasha, ya tafi da tunanin aikinsa yana intanet. Ko kuma waya ta ce wuri ya cika, ya shiga yana share bayanan manhajoji ɗaya bayan ɗaya har da na Docs. Akwai 'yar alama a saman takarda da ke nuna cewa an adana a Drive, ma'ajiyar Google. Duba ta ya kamata ya zama al'ada.

Yanzu ga inda na fi ganin haɗari, kuma inda aka fi sakaci. Ka tambayi ɗalibai goma wa ya buɗe musu Gmail ɗin da ke wayarsu, za ka samu da yawa sun ce mai saita waya ne a kasuwa, ranar da suka saya, don Play Store ya yi aiki. Kalmar sirrin ko dai lambar wayar ce, ko kuma an manta ta tun ranar. Shekara uku waya tana aiki ba ta sake tambaya ba, sai mutum ya ɗauka ba ya buƙatarta. A kan wannan asusun ne ake ɗora kundin digiri. Ranar da wayar ta ɓata, ya je shago zai shiga, Google ya tambayi kalmar sirri, babu. Ya ce ya manta, Google ya ce zai aika lamba zuwa layin da aka yi rajista da shi. Layin yana cikin wayar da aka sace, ko tsohon layi ne da aka daina amfani da shi har kamfani ya sake sayar wa wani, ko yana cikin waɗanda aka rufe a 2024 saboda ba a haɗa su da lambar NIN ba. Takardar tana nan lafiya lau a ma'ajiyar kamfani, ba harafin da ya ɓata, amma mai ita ba shi da hanyar isa gare ta. Kuma babu wani ofis a Kano ko Kaduna da za ka je da katin shaida a buɗe maka asusun.

Gyaran wannan aikin minti goma ne. Ka san kalmar sirrinka, ka sauya ta in wani ne ya sa. Ka tabbatar layin da ke jikin asusun naka ne kuma yana aiki. Ka ƙara wani imel na biyu na dawo da asusu. In ka kunna tabbaci mai mataki biyu, wato bayan kalmar sirri sai an ƙara tabbatarwa ta wayarka, Google yana ba da lambobin ko-ta-kwana guda goma, a rubuta su a takarda a ajiye inda ake ajiye takardun makaranta. Sannan in ka shiga asusunka a kwamfutar shago, ka fita kafin ka tashi. Rufe burauza ba fita ba ne. Wanda ya zauna bayanka zai tarar da imel ɗinka da hotunanka da kundinka a buɗe.

Wurin ajiya ma yana da iyaka. Google yana ba da gigabait 15 kyauta, amma Gmail da Drive da Photos ne suke rabawa, kuma daga farkon 2024 ajiyar WhatsApp ta wayoyin Android ita ma ta shiga lissafin. Microsoft kuwa gigabait 5 yake bayarwa a OneDrive. In wurin ya cika da bidiyon biki da saƙonnin murya, Docs yakan hana ka ƙirƙirar sabuwar takarda ko gyara tsohuwa, imel ma ya daina shigowa. Mutum ya yi ta zargin sabis alhali rumbun ne ya cika.

Shi kansa kamfanin yakan yi tuntuɓe. A ƙarshen Oktoba na 2017, wani kuskure a tsarin Google ya sa aka kulle wa mutane da dama takardunsu na wasu sa'o'i, na'ura tana ce musu sun karya ƙa'idar amfani, alhali ba abin da suka yi. A ranar 14 ga Disamba 2020 yawancin manhajojin Google suka tsaya cak na kusan awa guda, a lokacin da makarantu da yawa na duniya suke karatu ta intanet. A watan Yuli na 2022 an yi ta ce-ce-ku-ce a ƙasar Sin bayan wata marubuciya ta ce WPS ya kulle mata littafin da take rubutawa, mai kalmomi sama da miliyan. Waɗannan ba kullum suke faruwa ba, kuma in an auna, filash ya fi su cin amana nesa ba kusa ba. Amma suna nuna cewa wanda yake ajiye maka yana iya hana ka. Akwai kuma ƙa'idar da Google ya fara aiki da ita a Disamba 2023, cewa asusun mutum da ya shekara biyu ba a shiga ba ana iya goge shi da duk abin da ke ciki. Wanda ya buɗe imel na musamman don kundi, ya gama ya tafi bautar ƙasa ya manta da shi, ya lura.

Tambayar wa yake ganin abin da yara suke rubutawa ta fi tayar da ƙura a Turai. A Yulin 2022 hukumar kare bayanai ta Denmak ta dakatar da makarantun garin Helsingør daga amfani da kwamfutocin Chromebook da manhajojin Google, saboda yadda bayanan ɗalibai suke fita. A shekarar dai ma'aikatar ilimi ta Faransa ta ce kada makarantu su yi amfani da nau'in kyauta na manhajojin Microsoft da Google. Najeriya ta samu dokar kare bayanai a watan Yuni na 2023, amma a aikace ɓarakar da ta fi kusa da ɗalibinmu daga hannunsa take fitowa. Ya saita takarda a kan "duk mai mahaɗin zai iya buɗewa", ya jefa mahaɗin a zauren WhatsApp na aji. A cikin takardar kuwa akwai sunayen matan da ya yi hira da su a asibiti, ko na mutanen ƙauyen da suka ba shi labarin rikici bisa amana. Daga zaure ɗaya mahaɗi yake tsallakawa zuwa goma, haka kuma ake wayar gari a ga babin wani a kundin wani.

Duk inda aka je aka dawo, kundi a makarantunmu a kan takarda yake ƙarewa, da bango mai tauri da sa hannun malamai. A nan ne Docs yake nuna gazawarsa. Sashe zai ce Times New Roman, girma 12, tazara biyu, wannan duk mai sauƙi ne. Amma shafukan farko da lambobin Romawa, sauran da lambobin yau da kullum, ga jerin jadawali da na hotuna da ya kamata su jera kansu, a nan Word na cikin kwamfuta ya fi shi ƙarfi sosai. In kuma ka sauke takardar a matsayin fayil ɗin Word ka kai shago, kwamfutarsu tana iya ture layuka, kan babi ya koma ƙasan shafi, jadawali ya rabu biyu. Hanyar da na ga ta fi ita ce a yi rubutu da gyara a intanet, a yi tsarin ƙarshe a Word, sannan a mayar da shi PDF kafin a kai bugu. PDF ba ya motsi. Ka tura wa mai shago ta imel ko WhatsApp, filash ɗinka bai shiga kwamfutarsa ba balle ya kwaso wani abu.

Masu rubutu da Hausa suna da ƙarin aiki. Shekaru da yawa, a sassan Hausa da wajen masu buga littattafai, ana samun ƙ da ɗ da ɓ ne ta hanyar wasu salailan haruffa na musamman, irin su Rabi'at da Farfesa Abdalla Uba Adamu ya ƙirƙiro a shekarun 1990, lokacin da kwamfuta ba ta san haruffanmu ba. Dabarar ita ce an ɗora haruffa masu lanƙwasa a kan maɓallan baka da makamantansu. Sun yi aiki ƙwarai a zamaninsu. Amma Google Docs ba ya karɓar salon haruffa daga waje, don haka in ka ɗora tsohon fayil irin wannan sai ka ga "ƙasa" ta koma "}asa", "ɗaya" ta koma "]aya". Wanda zai fara sabon aiki gara ya yi amfani da haruffan da kowace na'ura ta sani a yau, waɗanda allon rubutu na Gboard yake bayarwa in an zaɓi Hausa. Mai tsohon fayil kuma zai iya amfani da nemo-ka-sauya ya mayar da kowace baka harafinta, amma ya bi a hankali in akwai baka ta ainihi a cikin aikin. A kuma kashe gyaran kai-tsaye, in ba haka ba manhajar za ta ja wa kowace kalma jan layi, ta kuma riƙa juya alamar da ke gaban 'yan da 'ya'ya ta fuskanci inda bai kamata ba.

Saura asusun makaranta. Jami'o'i da dama yanzu suna ba ɗalibi imel mai ɗauke da sunan makaranta, a ƙarƙashin Google ko Microsoft, kuma yakan zo da wurin ajiya mai yawa da wasu manhajoji kyauta. Yana da kyau a yi amfani da shi, musamman da yake in ka manta kalmar sirri akwai ofishin da za ka je a cikin makaranta. Sai dai asusun na makaranta ne, aro aka ba ka. Masu kula da shi suna da iko a kansa, kuma makaranta tana iya rufe shi bayan ka gama. Da can Google yana ba makarantu wurin ajiya mara iyaka, amma daga Yulin 2022 ya taƙaita shi zuwa terabait 100 ga makaranta gaba ɗaya, abin da ya sa jami'o'i da yawa a duniya suka rage wa ɗalibai rabo, suka kuma fara share asusun waɗanda suka gama.

Don haka kafin a karɓi takardar sallama, a kwashe. Google Takeout yana sauke maka duk abin da ke asusun, ko kuma ka raba takardar da imel ɗinka na kanka ka yi kwafi a can, domin ba a mayar da mallakar fayil kai-tsaye daga asusun makaranta zuwa na waje. Kwafin zai zo da rubutun duka, amma tarihin sauye-sauye ba ya bin sa, yana nan a tsohuwar takardar. Wanda yake ganin wata rana zai buƙaci nuna cewa shi ya rubuta aikinsa, ko yana so ya riƙe babin da aka sa shi ya cire, sai ya buɗe tarihin ya yi kwafin waɗannan matakan ɗaya bayan ɗaya tun asusun yana buɗe.